Kiɗa da Rawa: Ganuwar Baƙo

Mazaunin Ƙofar Jatau a birnin Zariya, wanda ya saba jin kalangu a kowane biki, yana iya ɗaukar kiɗa da rawa a matsayin sharholiya kawai, domin bai taɓa rasa gida ba. Amma ga wanda aka raba da ƙasarsa, kiɗa ne ganuwar da ta rage masa.

Misali shi ne na Hausawa da Barebarin da aka ƙetara Sahara da su cikin bauta zuwa Tunis. Bayan an haramta bauta a Tunisiya a 1846, sun dogara ga gidajen jama'a irin su Dar Barnu, inda baƙo kan sami masauki da masu jin harshensa. A nan ne kiɗan Stambali, mai dangantaka da bori, ya bunƙasa. Jikokinsu sun koma Larabci, amma kalmomin Hausa sun maƙale a cikin waƙoƙin.

Haka abin yake ga Sinawa. A 1882 Amurka ta kafa dokar hana ma'aikatansu shiga ƙasar, amma rawar zaki ta sabuwar shekara ba ta mutu ba a unguwarsu ta San Faransisko.

Ba sai mutum ya yarda da bori zai ɗauki darasin ba. Abin da baƙo ya riƙe cikin ƙunci, bai kamata ɗan gari ya yar da shi cikin wadata ba. Wajibi ne ɗaliban Hausa su bi lunguna su naɗi kiɗan makaɗan Zazzau tun suna raye, kada a wayi gari sai an je Tunis neman abin da aka bari a Ƙofar Jatau.