Ƙaya a Ƙafar Mai Ciwon Sukari

Da yawa daga cikinmu mun san wani dattijo a Tambuwal ko Kebbe wanda ƙaya ta soke shi a gona, ya ce ba komai, bayan wata biyu ƙafa ta kumbura tana wari. Sau da yawa ciwon sukari ne a ɓoye. Idan sukari ya yi yawa a jini yakan lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin ƙafa. Mutum ba ya jin zafin ƙayar, jini kuma ba ya isa wurin sosai, sai ciwo ya ƙi warkewa.

Akwai wani dalili kuma. Kamar yadda fartanya ke yin tsatsa in an bar ta a ruwa, haka yawan sukari ke haifar da sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki. Jiki yana da masu kare shi daga wannan tsatsa, wasunsu kuwa daga abinci suke zuwa, irin su bitamin C da E. Bitamin C ne ke taimakon jiki ya saƙa sabon nama a bakin ciwo. Tun a 1747 James Lind, likitan sojan ruwan Birtaniya, ya ga lemo yana warkar da matuƙan jirgi daga cutar da rashin wannan bitamin ke kawowa, wadda ke sa tsohon tabo ya sake buɗewa.

Mu ba sai mun je nesa ba. Garin 'ya'yan kuka, gwaba, tumatir, zogale da gyaɗa duk suna kasuwanninmu, kuma ba su fi ƙarfin talaka ba.

Amma mu faɗi gaskiya, abinci mataimaki ne kawai. Ƙwayoyin da ake talla a tasha wai suna warkar da kowane gyambo ba za su saukar da sukari ba. Cusa ganye ko toka a ciwo kuwa ƙara masa ƙwayoyin cuta ne. Mai sukari da ya ji ciwo a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, ya wanke da ruwa mai tsabta, ya rufe, ya tafi asibiti a ranar. In ya yi tsanani, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Ku ɗalibai, ga aikinku na hutu. Kowace yamma ku duba ƙafafun iyaye da kakanni masu sukari, har tsakanin yatsu, ku roƙe su kada su fita ba takalmi. Ƙaya ɗaya da kuka gani da wuri tana iya hana a yanke ƙafar Baba.