KIRISTAN DA KE IBADA A ƁOYE A CIKINMU

Jama'a, yau zan taɓo maganar da wasu za su ce in bar kaza cikin gashinta. A daure a karanta har ƙarshe kafin a fara zagi.

Tun da Donald Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini, a ƙarshen Oktoban 2025, aka rabu gida biyu. Wasu na cewa kisan ƙare dangi ake yi wa Kiristoci, namu kuma na cewa babu Kiristan da ke da matsala a Arewa. Mu mutanen gabashin Sakkwato mun san waɗanda 'yan bindiga ke kashewa. A je Sabon Birni, Isa da Goronyo a ƙirga kaburbura, akasari Musulmi ne. Amma cewa babu Kiristan da ke cikin tsoro, wallahi wannan ma ba gaskiya ba ce.

Kirista iri biyu ne a nan Illela. Akwai baƙo, ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga kudu, cocinsa a fili, kowa ya san shi. Akwai kuma ɗan gida, Bahaushe ko Bafillace, wanda ya tashi Musulmi ya koma Kirista. Wannan na biyun shi ne ba mu son a ambata.

Kwanan baya, ta hannun wani abokin kasuwanci, na zauna da wasu daga cikinsu. Kar wanda ya biyo ni ta bayan fage yana tambayar su wane ne, amana ce. A ɗaki suke haɗuwa, ɗaya bayan ɗaya suke shiga, babu ganga babu lasifika, waƙar ma ƙasa-ƙasa ake yi. Littafinsu a waya yake, don kar a ga takarda. Wani an raba shi da matarsa da 'ya'yansa, wani ranar da aka ji labari masu sayen kayansa suka watse. Na ce da ɗayansu, me zai hana ka koma Jos ko Kaduna ka huta? Ya ce, “Malam, nan aka binne cibiyata, nan kabarin ubana yake. In tafi ina?” Ban yarda da abin da suka yi imani da shi ba, na kuma faɗa musu. Amma na lura ba hukuma suke tsoro ba, danginsu da taron jama'a suke tsoro.

Kuma tsoron yana da dalili. Ranar 12 ga Mayu, 2022, aka kashe Deborah Samuel aka ƙona gawarta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Bishop Matthew Kukah duk sun yi tir da kisan. Bayan kwana biyu aka yi zanga-zangar da ta taɓa coci-coci, har Gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita. A tsallaken iyaka ma, a Janairun 2015, an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta yi can a Faransa, abin da Kiristan Nijar bai san hawa ba bai san sauka ba. Wutar kuma ba ta tsaya kan Kirista ba: a Yunin 2023 taro ya kashe Usman Buda, mahauci Musulmi, a cikin garin Sakkwato bisa irin wannan zargi.

Bahaushe Kirista ba yau aka fara ba. A je Wusasa ta Zariya a gani. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, Bahaushe ne Kirista. Ga asibitin mishan na Galmi nan gaba da Ƙonni, tun 1950 yake, majinyatanmu nawa suka tsallaka can? Mu amince musu su yi mana tiyata, amma mu kasa barinsu su yi addu'a a fili?

Abin da ya fi damuna shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan ciwo. A gidan Arƙam Manzon Allah (SAW) da sahabbai suka riƙa haɗuwa a ɓoye a Makka. Da azaba ta yi yawa, Habasha suka yi hijira, wurin Najashi, sarki Kirista a lokacin, ya kuma ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. Muna karantar da yaranmu wannan a Islamiyya, sai mu fito mu yi aikin Ƙuraishawa?

Na san za a ce hukuncin ridda fa? A tambayi malamai. Duk saɓanin da ke kansa, hukunci aikin alƙali ne, ba na matasa masu duwatsu da taya ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi, kuma shi ne dai sashen da ke kare masallacin Bahaushe a Anaca da Fatakwal. Ranar da taro ya ƙona mafarautanmu 16 a Uromi, a Maris ɗin 2025, duk mun yi kuka mun ce a bi doka. To dokar ba ta da fuska biyu.

Muna da abin koyi. A Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su.

Roƙona kaɗan ne. Malamai su faɗa a mumbari cewa ɗaukar doka a hannu haramun ne. Hukuma ta hukunta duk wanda ya kashe rai da sunan addini. Kai kuma da ɗan'uwanka ya bar addini, yi masa nasiha da addu'a, kar ka tara masa jama'a. Shiriya ta Allah ce.

Mai hujja ya kawo ta cikin ladabi, zan karanta. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.