Gidan Gilashi a Bakin Kogi

A ƙasar Amurka, cikin jihar Illinois, akwai wani kogi da a ke kira Fox. A bakinsa wata likita mai suna Edith Farnsworth ta sa aka gina mata gida, aka gama shi a 1951. Wanda ya zana shi Bajamushe ne, sunansa Mies van der Rohe. Bangon gidan duk gilashi ne, ginshiƙansa takwas na ƙarfe, a tsaka kuwa aka kewaye ɗakunan wanka da katako mai kyau.

Masu son irin wannan gini su kan ce, mutum ya zauna a ɗaki yana ganin ruwa da itatuwa da tsuntsaye kamar yana waje. Wannan kuwa abin so ne. Amma kogi ba ya zama wuri ɗaya. Kafin a aza harsashi, ya kamata a tambayi tsofaffin wurin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, sa'an nan a ƙara matsawa tudu.

Maginin ya san kogin nan ya kan yi ambaliya, don haka ya ɗaga gidan ƙafa biyar da inci uku daga ƙasa. Ashe bai isa ba. A 1954 ruwa ya shiga ɗaki. A 1996 ya fasa gilashi, ya ɓata katakon nan. A 2008 ma ya komo.

Yanzu ba mai zama a gidan, sai baƙi da ke zuwa kallo.