Malaman Waya, Sannunku da Aiki, Amma da Sauran Rina a Kaba

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, azumi na cikin kwanakinsa na farko, intanet ta yi tsaye a sassa da dama na Najeriya da Gana da Laberiya da Kwaddibuwa. Manhajojin banki suka ƙi buɗuwa, masu POS suka zauna jugum, magidanci na gaban mai kayan miya da kuɗinsa a asusu amma babu halin biya. Kafin la'asar zance ya rabu: wasu suka ce gwamnati ce ta rufe, wasu suka ce aikin 'yan kutse ne. Bayanin da ya fara isa kunnen mutane da yawa cikin Hausa kuwa, daga bakin wasu matasa ya fito, waɗanda ba su da wani kayan aiki sai wayar hannunsu da son sanin yadda abubuwa ke tafiya.

Suka ce wayoyi huɗu ne da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Suka bi da mutane hanyar da saƙo ke bi, daga wayar hannu zuwa ƙarfen sabis na unguwa, daga nan ya shiga wayar gilashi da aka binne a gefen titi har Legas, sannan ya nutse cikin teku ya ɓulla Turai. Wayar da ke ɗauke da wannan kaya duka, a tsakiyar teku kaurinta bai fi na tiyon ban-ruwan lambu ba. Idan ta tsinke sai an taso da jirgin ruwa na musamman ya lalubo ta, ya ɗago ta sama, a haɗa, shi ya sa gyaran ya ci makonni. Da yawa daga cikinmu sai a ranar suka san cewa ta ƙasa da ruwa intanet ke zuwa, alhali an ɗauka duk daga tauraron ɗan'adam take saukowa.

Waɗannan mutane nake yi wa jinjina. Babu wanda ya naɗa su, babu mai biyan yawancinsu albashi. A cikinsu akwai mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, wanda yana kunce sukurori yana yi wa mai wayar bayanin abin da ya kashe masa batir. Akwai ɗalibar kimiyyar kwamfuta a Zariya da ke naɗar bidiyon minti biyu tsakanin lacca da lacca. Akwai mai shiri a gidan rediyo da ke amsa kiran masu saurare, da marubucin da ya shekara da shekaru yana cika shafinsa na jarida da bayanin fasahar sadarwa, da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram da ke kwaso ilimin daga Faransanci su juye shi cikin Hausa. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, ba kasafai take zuwa da takardar bayani cikin harshenmu ba. Su ne suka zama takardar.

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp ya san wannan damfarar. Waya ta yi ƙara, murya mai ladabi ta ce, "Salamu alaikum Hajiya, daga zauren tsofaffin ɗalibai ne. Za mu yi taro ta intanet bayan isha'i. Yanzu za ki ga lambobi shida sun shigo wayarki, karanto mini in saka ki cikin mahalarta." Hajiya ta karanta. Kafin ta ajiye wayar an fitar da ita daga WhatsApp ɗinta, kuma saƙo ya fara zagaya 'yan'uwa da sunanta da hotonta: "Don Allah ki ranta mini dubu ashirin, bankina ya ƙi aiki, gobe zan mayar." Malaman waya ne suka dage suna maimaita wa jama'a cewa lambobin nan shida mabuɗin asusun ne, ba a ba kowa, ko da ya rantse daga kamfanin yake. Su suka koya wa mutane shiga saitin manhajar su ƙara lambar sirri ta biyu. Su suka nuna cewa wanda aka ƙwace wa asusu zai iya ƙwato shi idan ya sake yin rajista da layinsa, kuma in ɓarawon ya riga ya ɗaura tasa lambar sirrin, haƙurin kwana bakwai ne. Ba a ƙirga kuɗin da irin wannan bayani ya tsare, domin asarar da ba ta faru ba babu mai ba da labarinta, amma yana da yawa.

Haka suka tsaya a 2020, lokacin da jita-jita ta game gari cewa fasahar 5G ce ke haddasa korona, suna tunatar da mutane cewa ƙwayar cuta ba ta bin igiyar rediyo, kuma ma ba a fara sayar da 5G a ƙasar nan ba, sai a 2022. Da aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN a Disambar 2020, su suka riƙa jan hannun dattawa. Da takardun naira suka yi ɓatan dabo a farkon 2023, su suka koya wa mai shayi da mai kayan gwari tura kuɗi da ƙaramar waya mai maɓalli, da yadda ake gane alat na bogi: kada ka yarda da saƙon da ya shigo ko hoton rasit, buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka.

Akwai kuma masu aikin da ba a cika gani ba. 'Yan sa-kai na cika Wikipedia ta Hausa da maƙaloli. Masu bincike na HausaNLP, irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa, sun fitar da NaijaSenti a 2022, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka da aka bi ɗaya bayan ɗaya aka tantance, domin na'ura ta koyi rarrabe yabo da suka a harsunanmu. Yabon gwani ya zama dole. Allah Ya saka muku da alheri.

To amma, 'yan'uwana, wannan hidima ta jawo muku wani abu mai nauyi, wato yarda. Yau idan kuka ce a sauke manhaja, saukewa ake yi ba tambaya. A nan ne nake da magana da ku, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu tuna 2024. A watan Mayu Notcoin, wani kuɗin kirifto, ta fashe, kamar yadda 'yan baiwa, wato masu haƙar kirifto, ke faɗa, kuma wasu da suka yi ta dangwalar gilashin waya a Telegram sun sami kuɗi na gaske. Daga nan gari ya ɗauka. A masallaci bayan sallama, a aji, a gadon asibiti, a cikin a-daidaita-sahu, yatsu na ta aiki. Aka rungumi Hamster Kombat wata da watanni, ana sayen data, ana kwana ido biyu, da ta fito a ƙarshen Satumba mafi yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Pi kuwa tun 2019 ake danna ta, har aka riƙa yi wa mutane alƙawarin cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159. Da ta shiga kasuwa a Fabrairun 2025, ko dala uku ba ta cika ba. Ban ce duk harkar kirifto damfara ce ba. Akwai fasaha ta gaske a ƙarƙashinta, kuma akwai yaran da suka shiga ta wannan ƙofa suka fito da sana'a. Abin da ya dame ni shi ne, da yawa daga cikin bakunan da suka yi ta zuga mutane su shiga, su ne bakunan da aka saba jin gaskiya daga gare su, kuma ba su faɗa wa mabiyansu abu guda ba: duk wanda ya shiga ta linkin da suka raba, su ma ana ƙara musu kaso. Mai mabiya dubu ɗari da ɗalibin da ya gayyato ƙannensa biyu ba riba ɗaya suke ci ba, ko da dangwalarsu ta zo daidai.

Wannan ɓarnar lokaci ce da data. Ta manhajar zuba jari ta CBEX ta fi muni, domin dukiya ce ta salwanta. A Afrilun 2025 ta rufe da kuɗin jama'a, bayan alƙawarin ninka wa mutum abin da ya zuba cikin kwana talatin, har EFCC ta shiga bincike. Ba yau aka fara ba, MMM ta yi irin wannan a Disambar 2016. Lissafin da zai tona asirin irin waɗannan bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Naira 100,000 da ke ninkuwa duk wata, in ta shekara ta haura naira miliyan 409. Wace sana'a ce a duniya ke haifar da haka? Kuɗin na baya ake biyan na gaba da su, ranar da sabbin shiga suka ragu sai a kulle. Wanda ya iya fayyace wa jama'a yadda saƙo ke ratsa teku ba zai ce wannan lissafi ya gagare shi ba. Wasunku sun yi gargaɗi tun da wuri, sun sha zagi, an kira su 'yan baƙin ciki, kuma su ne suka fi cancantar wannan jinjina. Wasu sun yi shiru. Wasu sun karɓi kuɗin talla.

Ba na ƙyashin kowa ya ci abinci da iliminsa. Data da kyamara da wutar caji ba kyauta ake ba ku ba, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025. Ku yi talla, amma ku buɗe baki ku ce, "Wannan talla ce, biyana aka yi." Ku ce, "In ka shiga ta nan ina da kaso." Akwai kuma tallan da bai kamata a karɓa ba ko nawa ne: cacar ƙwallo, da manhajojin bashi da ke kwashe lambobin wayar mutum su bi danginsa da saƙon tozarci, da jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp da ake kwaɗaita wa 'yan mata don karanta saƙon da aka goge, alhali babu wanda ya san hannun da sirrinsu ke bi. Idan kuma abin da kuka yaba ya zo ya cuci mutane, ku dawo inda kuka yi yabon ku faɗa, kada a wayi gari an goge bidiyon kawai.

Sai kimiyya, wadda na ga an bar ta a baya. Kullum zancen sabuwar Tecno ce ko Infinix ko iPhone, wace ta fi kyamara, wace ta fi riƙe caji. A watan Agustan 2014 saƙon waya ya tashi mutane cikin dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha don tsoron Ebola, har aka rasa rayuka. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe da inda ake girki, kuma abin ya sake faruwa a Jihar Neja a 2015. Har gobe ana haƙar zinare a ƙauyukanmu. Bayanin yadda dalma ke shiga jinin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, cikin Hausar da uwa za ta gane, ya fi bitar waya goma amfani. Ko batun sola kaɗai ya ishe ku aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 gidaje ke komawa gare ta, ana sayar musu da faranti da batir da ba su dace da juna ba, batir ya mutu cikin 'yan watanni, saboda babu wanda ya zaunar da su ya lissafa musu abin da fanka da firji ke ja.

Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta iso. Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022 kuke nuna mana abin mamakinta, kuma da gaske tana da shi. Ku haɗa da faɗa wa ɗalibi cewa takan ƙaga sunan littafi da lambar shafi, takan jingina wa malami maganar da bai yi ba, cikin lafazi mai daɗi da ba ya nuna alamar shakka, don haka ba a ɗaukar hadisi ko fatawa ko adadin magani daga gare ta sai an koma ga masana. An riga an fara ganin bidiyon sanannun mutane da aka ɗora musu muryar bogi suna tallan magani ko zuba jari. Mai iya kwaikwayon muryar gwamna zai iya kwaikwayon ta ɗan da ke karatu a Sudan ko Masar yana kuka yana neman a turo kuɗi. Maganin mai sauƙi ne, a kashe wayar, a kira lambarsa da aka sani, a tambaye shi abin da daga shi sai 'yan gida suka sani. Sai dai iyayen da za a yi wa wannan kira ba sa TikTok, da yawansu ma ba sa karanta boko. Rediyo suke ji da saƙon murya, kuma suna zama a majalisa da makarantun Islamiyya na matan aure. Ku nemi fili a waɗannan wurare, ku kai musu bayanin tun kafin kiran ya zo.