Ruwan Alwala da Ruwan Sha: Magana ga Malamai da Attajiran Ƙofar Kwaya

Wannan magana ce bisa wata mas'ala ta ruwa, wadda ta shafi malamai da almajiransu, ta kuma shafi 'yan kasuwa da abokan cinikinsu na ƙauye.

Wanda ya tsaya Ƙofar Kwaya da hantsi zai ga abin da ƙauye ke kawo wa Birnin Katsina ta hanyar Dutsin-Ma: ga itace, ga hatsi, ga nono, ga awaki, daga Batagarawa da Kurfi da ƙauyukan da ke tsakani. In ya komo da la'asar sakaliya sai ya ga abin da birni ke mayarwa, gishiri da atamfa da sabulu da magani. Akwai kuma wani kaya da ke fita ta ƙofar nan wanda ba a ɗaure shi a bayan mota, watau fatawa da koyi. Abin da malamin birni ya faɗa a zaure, shi limamin ƙauye zai maimaita ran Juma'a. Abin da attajiri ya yi a gidansa, shi dillalinsa na ƙauye zai kwaikwaya. Saboda haka wanda ke son gidajen karkara su riƙi masai da wanke hannu da gyaran ruwan sha, lalle ya fara da waɗannan mutane biyu.

Hukuma dai ta taɓa nata. An gina madatsar Ajiwa cikin 1975 don shayar da birni, aka gama ta Zobe cikin 1983. Cikin 2018 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabta, cikin 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu ga umurni mai lamba 9, na hana yin bayan gida a fili, aka yanka wa'adin 2025. Jihar Jigawa ce ta fara samun shaidar rabuwa da wannan ɗabi'a, cikin 2022. A ƙasar Katsina ma'aikatan hukumar RUWASSA, da taimakon UNICEF, sun yi ta shiga ƙauyuka suna haƙa rijiyoyin burtsatse, suna jan hankalin magidanta su haƙa masai. Duk da haka cikin 2021 annobar amai da gudawa, wadda likitoci ke kira kwalara, ta kama mutum fiye da 111,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,600, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda suka ɗanɗana. Dalili a fili yake. Ikon hukuma ya ƙare a bakin famfo. Daga nan zuwa bakin mai sha, sha'anin na cikin gida ne.

To, ga mas'alar. Kowane ɗalibi da ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ya san cewa ruwan da ake tsarki da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba da abin da ke rabuwa da shi. Wannan hukunci daidai ne, ba mai taɓa shi. Amma an yi shi ne don ibada, don a san ruwan da alwala da wanka ke inganta da shi. Kuskuren da ya yaɗu cikin jama'a shi ne ɗaukar ma'aunin nan a kai shi ga randar sha, har mutum ya leƙa ya ga ruwa garau, ya sansana bai ji kome ba, ya ce ai mai tsarki ne, ya ɗaga moɗa. Alhali kuwa ƙwayar kwalara, da ta zazzaɓin taifot, da ta atuni, ba su sāke launi, ba su sāke ɗanɗano, ba su da wari. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A birnin Landan cikin 1854 mutanen wata unguwa sun fi son ruwan wani famfo don daɗinsa, har daga nesa ake aikowa a ɗiba, ashe shi ke kashe su. Sai da wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamata ɗaya ɗaya ya gane mashayarsu guda ce, aka cire hannun famfon.

Fiƙihu bai jahilci wannan bambanci ba. Zaƙami tsiro ne mai tsarki, wanda ya yi salla da 'ya'yansa a aljihu sallarsa ta yi, amma ba malamin da zai halatta a dama shi a ba yaro, domin cutarwa babi ne dabam. Har a babin ruwa ma, mai Risala, Ɗan Abi Zaidi Alƙairawani, ya tsananta a kan ruwa kaɗan, ya tafi a kan cewa najasa kaɗan tana ɓata shi ko da ba ta jirkita shi ba. Ashe ke nan malaman farko sun yarda akwai ɓacin da ido ba ya kamawa. Abin da ya rage ga malamin yau shi ne, in ya zo wannan wuri a karatu, ya dakata ya ƙara wa ɗalibai jimla guda: ruwan da ya isa alwala ba lalle ne ya isa sha ba.

A bi ruwan nan daga rijiya a gani. Guga yana kwana a ƙasa inda awaki da kaji suka yi kashi, da safe a zura shi. Mai garuwa yana zuba ruwa a jarkar da ta yi wata ba a ɗauraye ta ba, har ta yi gansakuka a ciki. A gida a juye a randa mai faɗin baki, murfinta faifai ne in an tuna. Moɗa guda ce, da ita ake ɗiba, da ita ake sha, yaro ya yar da ita ƙasa a ɗauka a mayar, hannun mai ɗiba kuwa yana nutsewa har wuyan hannu. Ko ruwan burtsatse ne mai kyau, kafin azahar ya zama wani abu. Masu sa alif ko garin ƙwallon zogale su sani waɗannan suna kwantar da laka ne, ruwa ya yi haske, amma ba su isa su kashe cuta ba. Mai kashe ta shi ne tafasawa har ruwan ya yi minti guda yana ɓararraka, ko maganin kulorin bisa awon da aka rubuta a kwalbarsa, a jira rabin sa'a kafin a sha. Sa'an nan randa ta sami murfi na gaske, a rataya mata moɗa mai dogon mariƙi wadda ba a kai ta baki. Duk wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta hadisi. An yi umurni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka, an hana wanda ya farka daga barci tsoma hannunsa cikin mazubin ruwa sai ya wanke shi, an hana fitsari cikin ruwan da ba ya gudu, an tsoratar da mai biyan bukata a kan hanya, ko a inuwar da mutane ke zama, ko a mashaya.

Sai maganar hannu, wadda ake jin nauyin faɗinta. Mutanen ƙasar nan masu tsarki da ruwa ne, wannan kuwa alheri ne babba. Amma hannun da ya yi tsarki, in an zuba masa ruwan buta kurum, najasa ta gushe ga shari'a, saura kuwa na nan maƙale ƙarƙashin farce. Shi ya sa a Risala aka koyar da cuɗa hannun da ƙasa a wanke bayan tsarki. Sabulu shi ne ya gaji wannan aiki, in babu shi toka ta tsaya. Guntun sabulun salo a kan tubali a bakin makewayi ya fi kwalaben ƙarin ruwa goma a asibiti araha. A duba kuma kasko ko kwanon wanke hannu da ake zagayawa da shi wurin walima da suna: na farko ya wanke da ruwa, na goma ya wanke da dauɗar mutum tara. A zuba wa kowa daga buta, ruwan ya zube ƙasa.

Wani zai ce ciwo da mutuwa ƙaddara ce, tulu da murfi ba su tare ajali. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri. Amma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya ji annoba ta sauka ƙasar Sham, ya juya da jama'arsa daga hanya, ya kuma nuna wa masu gardama cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da yawan aikin da ke kansa, bai ga ƙasƙanci ba ga rubuta littattafan ɗibbu. Ga kuma hujja ta kusa, wadda dattawan ƙasar Katsina suka gani da idonsu. Kurkunu ya daɗe yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, ƙafa a kumbure, gona ta cika da ciyawa, ana cewa gado ne ko sammu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami masu shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Aka gane daga ruwan kududdufi yake, aka raba wa mata ƙyallen tacewa, aka hana mai ciwon shiga tafki, aka haƙa rijiyoyi. Cibiyar Jimmy Carter ta Amurka ta tsaya a kai, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka yana roƙon sarakuna da hukumomi. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a ƙasar nan an gan shi cikin 2008, cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida. Yawancin aikin nan a bakin tulu aka yi shi. (Sai dai a kula, ƙyallen da ya tare kurkunu ba ya isa ga kwalara, don ƙwayarta ta fi ƙanƙanta nesa.)

Zamanin En'e akwai duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa da masai ya kai mutum gaban alƙali a ci shi tara. Ana jin tafiyarsa sai a hau shara, yana ba da baya a koma gidan jiya. Tsabtar tsoro iyakarta ke nan. Mutumin da ba ya barin alwala ko ba mai ganinsa, an koya masa ne tun yana riƙe da allo, wannan kuwa hannun malamai yake.

Nan ne fa magana za ta yi ɗaci, amma ba makawa. Malami ne da almajirai 40 a zaure, masan gidan kuwa guda, na iyali. Ina yaran nan ke zuwa da asuba? Kowa ya sani: bayan ganuwa, bakin kududdufi, kangon da ba a gina ba, gindin katangar maƙwabci. Ruwan sama na fari ya kwashe ya kai rijiya, ƙuda ya kwashi saura ya kai kan tuwo. Yaron da ya haddace hanin biyan bukata a kan hanya, shi ne rashin wuri ya tilasta wa saɓa shi kullum. Da rani kuma in an fita ƙauye da su, garin da ya sauke su da karamci shi ke ɗaukar nauyin. Ba a ce malami ya gina abin da ba shi da halinsa ba. Amma yana da bakin da zai ce wa uban yaro, da mai unguwa, da attajirin da ke zuwa neman addu'a, makarantar nan ba ta ƙara karɓar almajiri sai an haƙa rami.

Attajirai kuwa, Allah ya saka musu, ba su gaza ba wajen gina masallatai da haƙa burtsatse, ana kafa allo da sunan mahaifi. Masai ne ba mai son a jingina masa, don ba a yanka ƙyalle ran buɗe shi. Alhali kuwa masallacin da ke tara ɗaruruwa ba makewayi, ko kasuwar ƙauye da ke ci mako mako ba wurin kewayawa, an tara jama'a ne an bar su da bayan shago. In sadaka mai gudana ita ce wadda amfaninta ba ya yankewa, da wuya a sami wadda ake mora sau da yawa a yini kamar wannan. Har ta fuskar ciniki ma akwai riba. Ƙasar arewacin Katsina jigawa ce, ramin da aka haƙa da rani ba ɗauri sai ya rufta cikin Agusta, maigida ya yi fushi ya koma daji. Abin da ke hana wannan shi ne 'yan tubala ko zoben siminti a wuyan ramin, da dandamali mai murfi. Ɗan kasuwar da ya kai waɗannan kasuwar ƙauye, ya yarda a biya shi da kaka in amfani ya zo gida, zai sami masu saye. Ya kuma gaya wa mai saye ya nisanta ramin da rijiya kamar mita 30, ya sa shi ta gangare, kada ya sa shi ta tudu.

Saura cikin gida, inda malami ba ya shiga. Randa da moɗa da damun fura duk hannun mata suke, haka kuma kashin jarirai, wanda da yawa ke ɗauka ba kome ba ne, a wanke a watsa a tsakar gida. A mazhabar Imamu Malik najasa ne kamar na babba. Rangwamen da aka yi wa mai shayarwa na tufafin salla ne, bai kai ga ƙwaryar fura ba, likitoci kuwa sun ce na yaro mai zawo yana cike da cuta. Nana Asma'u 'yar Shehu ta san yadda ake kai karatu bayan katanga, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna koya wa mata. Yau ga makarantun Islamiyya na matan aure a unguwannin birni da garuruwan karkara, babin tsarki kuwa shi ake fara biya musu. Malamar da ta kai wurin hukuncin ruwa sai ta sa a kawo buta da sabulu da moɗa gaban ɗalibai, ta nuna da hannunta. Ta ƙara musu da cewa in yaro ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a kaɗa ƙullin gishiri da sukari na asibiti cikin lita guda ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi tun a hanya, kada a jira maigida ya komo daga kasuwa.