Kada a Binne Mu Babu Suna

'Yan'uwa, a 2002 fashewar bama-bamai a barikin Ikeja ta hallaka mutum fiye da 1,000, aka binne da dama babu suna. A 2012 jirgin Dana ya faɗi a Legas, likitoci suka gane yawancin gawarwakin ta ƙwayoyin halitta da haƙora. Ashe ana iyawa! To, ɗan dako bai cancanta ba ne?

Haƙori yana jure wuta, amma sai an gwada shi da hoton da likita ya ɗauka tun mutum na raye. Matar da ba a gane gawar mijinta ba, yaushe za ta shiga takaba? Yaya za a raba gado?

Hukuma ta binciki kowace gawa kafin binnewa. Mu kuma mu je asibiti a ajiye bayanan haƙoranmu.