Wa zai ajiye hoton jiragen kayan Zariya?

Unguwar Hayin Dogo da ke Samaru ta samo sunanta daga layin jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. A kansa aka shafe shekaru ana jigilar auduga da gyaɗa. Yau ciyawa ta fi taragu yawa a wurin. Ko a babban layin da ya kai Kano a 1911, wanda Sabon Gari ta ginu a gefensa, wucewar jirgin kaya ta zama abin kallo, har matasa kan zaro waya su ɗauki hoto.

Wasu na yi wa wannan ɗabi'a kallon zaman banza, wasu kuma na zarginta. Masu zargin suna da hujja: tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, duk mai leƙen layin dogo ya zama abin tuhuma. Sai dai hana hoton ba ya ƙara tsaro, asara kawai yake jawowa.

Zariya ta taɓa yin irin wannan asarar. Daga nan ne ƙaramin layin da ake kira Bauchi Light Railway ya tashi zuwa Jos da Bukuru domin kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Mai neman kamanninsa yau sai ya dogara da 'yan hotunan da akasarinsu Turawa suka ɗauka. Tsohon layin ma na iya bin sahu. Faɗinsa milimita 1,067 ne, na sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 kuwa 1,435 ne, don haka tsofaffin taragu ba za su hau shi ba.

Akwai kuma batun shaida. Sau da yawa an sha shelar farfaɗo da jigilar kaya ta jirgin ƙasa zuwa Arewa, a yi biki, a watse. Hoto mai ɗauke da kwanan wata, da wuri, da lambar kan jirgi, da adadin taragu shi ne zai nuna ko jirgin ya sake dawowa bayan bikin. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin tirela daga Legas yana da haƙƙin sanin haka.

Abin da ya dace shi ne Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta fitar da ƙa'ida a fili: a tsaya nesa da layi, kada a wallafa hoto sai jirgin ya isa masaukinsa. Cibiyar NITT tana nan Zariya, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim yana Samaru. Ɗayansu zai iya buɗe rumbun da za a riƙa tara hotunan kafin su salwanta tare da wayoyin da suka ɗauke su.